Amanar Wasiyyi: Abin da Ya Hau Kansa da Iyakar Ikonsa a Dukiyar Mamaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai gadon sammai da ƙasa, wanda kowace dukiya gare Shi za ta koma. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu Amintacce, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka: sau da yawa ranar da aka yi rasuwa, tun masu jana'iza ba su dawo daga maƙabarta ba, makullin shago da na rumbu da wayar mamaci sun riga sun shiga hannun mutum ɗaya. Wani lokaci mamacin ne ya zaɓe shi tun yana raye, ya ce idan ta Allah ta kasance shi zai biya bashinsa ya kula da 'ya'yansa. Wani lokaci kuma dangi ne suka nuna shi. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin girmamawa, amma malaman fiƙihu sun ɗauke shi kaya mai nauyi. Wannan darasi yana bayanin nauyin ne a bisa mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai daga Damagaram har Tawa.

Wane ne wasiyyi?

Wasiyyi shi ne wanda mutum ya naɗa domin ya tsaya a madadinsa bayan mutuwarsa: ya biya bashi, ya zartar da wasiyya, ya riƙe dukiyar ƙananan yara. Shi amini ne a kan dukiyar, ba mai ita ba ne. Duk hukunce-hukuncen da za su biyo baya daga wannan tushe suka fito.

Malamai sun sa masa sharaɗi huɗu: ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adali, kuma mai iya aikin. Ba sharaɗi ba ne ya zama namiji, ko mai gani da ido. Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) ya danƙa kula da waƙafinsa a hannun 'yarsa, Uwar Muminai Hafsa. Idan fasiƙanci ko ha'inci ya bayyana ga wasiyyi daga baya, alƙali yana cire shi, ko da mamacin ne da kansa ya zaɓe shi.

Akwai wata mas'ala da ake yawan kuskure a kanta. A wajen Malikiyya, ikon juya dukiyar maraya yana hannun uba, sannan wasiyyin uba, sannan alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Kasancewar mutum baffa, ko kawu, ko babban wa, ba ta ba shi wannan iko da kanta. Saboda haka baffan da ya sayar da gonar 'ya'yan ɗan'uwansa yana cewa ai shi ne babba a gida, ya yi tasarrufi a cikin abin da ba a ba shi izini ba.

Ba kowane mutumin kirki ne ya dace da wannan aiki ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shawarci Abu Zarri, duk da irin zuhudunsa da gaskiyarsa, da kada ya shugabanci ko mutum biyu, kada kuma ya jiɓinci dukiyar maraya, domin ya ga yana da rauni. Yawan ibada daban, iya lissafi da tsayawa gaban masu jayayya daban. Wanda ya san ba zai iya ba, ya faɗa tun mai wasiyyar yana raye, domin a lokacin yana da damar janyewa ko da ya riga ya amsa. Idan kuwa ya amsa, mai wasiyyar kuma ya rasu, ba shi da ikon ya yar da kayan a tsakiyar hanya, sai da uzuri a gaban alƙali.

Idan mutum biyu aka naɗa tare, ɗaya ba ya yanke saye ko sayarwa shi kaɗai, kuma ba sa raba dukiyar biyu kowa ya riƙe rabi. In sun saɓa, ko ɗaya ya rasu, alƙali ne ke duba lamarin.

Aikin farko: tantance abin da mamaci ya mallaka

Ba duk abin da aka tarar a ɗakin mamaci ne nasa ba. Kafin a yi maganar rabo, wasiyyi zai kira shaidu adalai, a ƙirga komai a rubuta: kuɗin hannu da na banki, hajar shago, damman hatsi a rumbu, garke, gonaki, gidaje da filaye, da basussukan da mamaci yake bin mutane. Sannan a ware kayan mutane. Ajiyar da maƙwabci ya kawo, kuɗin adashi, saniyar da aka ba shi kiwo, littafin da ya aro a wajen wani malami, kuɗin da 'yan'uwa suka tara na Maulidi ko na gyaran zawiya suka ajiye a hannunsa, duk ba gado ba ne. A mayar wa masu su. Haka nan kayan ɗakin matarsa da tumakinta da jarin sana'arta nata ne, ba a zuba su cikin dukiyar miji.

Abin da ya rage bayan wannan tantancewa shi ake kira tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari.

Haƙƙoƙi biyar, ɗaya bayan ɗaya

Shaihu Khalil ya jera haƙƙoƙin da ke kan tarika guda biyar, kuma wasiyyi ba shi da ikon gabatar da na baya a kan na gaba.

Na ɗaya: haƙƙin da ya rataya ga wani abu takamaimai, kamar gona ko gida da aka ba da jingina. Mai riƙe da jinginar shi ake fara biya daga kuɗin wannan abin.

Na biyu: shirya mamaci gwargwadon abin da aka saba, ba ƙwauro ba almubazzaranci: wanka, likkafani, haƙa kabari, da ɗaukar gawa.

Na uku: bashi. Bashin da ake bin mamaci, ko lokacin biyansa bai yi ba, mutuwa ta sa ya zama na yanzu. Ragowar sadakin matarsa da bai biya ba yana cikin bashi. Wanda ya zo yana da'awa sai ya kawo hujja, kuma malaman Malikiyya sun ƙara masa rantsuwa cewa bai karɓa ba, bai kuma yafe ba, tunda wanda ake bi ba ya nan balle ya kare kansa. Idan dukiyar ba ta kai ba, masu bin bashi za su raba ta gwargwadon abin da kowa ke bi. Babu wasiyya, babu gado. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Bukhari kuma ya kawo labarin gawar da Annabi (SAW) ya dakata da yi mata salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Na huɗu: wasiyya, daga sulusin abin da ya rage bayan bashi. Asalin wannan iyaka shi ne labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana, ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, sannan rabi, Annabi (SAW) bai yarda ba sai sulusi, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa. Ba a yi wa magaji wasiyya, ba a kuma wuce sulusi, sai in sauran magada sun yarda. Zakkar da mamaci ya yi sakaci da ita a shekarun baya, ya yi wasiyya a fitar masa, ana gabatar da ita a kan sauran wasiyyoyi a cikin sulusin.

Na biyar: gado, kowane magaji da kason da Allah Ya yanka masa a Suratun Nisa'i. A aya ta 11 da ta 12, sau huɗu aka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

Ga misali domin a fahimta. A ce wani ɗan kasuwa ya rasu ya bar dukiyar da aka ƙiyasta sefa 12,000,000. An kashe 100,000 wajen jana'iza, an biya bashi 2,900,000, saura 9,000,000. Ya yi wasiyya a ba masallacin unguwa da makarantar allo 4,000,000. Sulusi shi ne 3,000,000, don haka shi kaɗai wasiyyi zai fitar. Saura 6,000,000. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da ɗiya mace ɗaya. Matar tana da tumuni, 750,000. Mahaifiya tana da sudusi, 1,000,000. Ragowar 4,250,000 a kasa ta biyar: kowane namiji 1,700,000, ɗiya mace 850,000. Miliyan ɗayan da ya wuce sulusi kuwa, baligin da ya so ya cika burin mahaifinsa sai ya bayar daga kasonsa. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙarami ne, yardarsa ba ta da amfani a shari'a, wasiyyi kuma ba shi da ikon yarda a madadinsa, ko da masallaci za a gina.

Aya ta 181 da ta 182 a Suratul Baƙara sun auna wa wasiyyi matsayinsa: wanda ya ji wasiyya ya canza ta, zunubin yana kansa, wanda kuma ya ga mai wasiyya ya karkace ya gyara tsakanin mutane, babu laifi a kansa.

Darasi daga Abdullahi ɗan Zubairu

Imamu Bukhari ya kawo labarin da ya isa madubi ga kowane wasiyyi. Ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu ɗan Awwamu (Allah Ya yarda da shi) ya kira ɗansa Abdullahi, ya shaida masa yana jin ajalinsa ya zo, kuma babu abin da ya fi damunsa kamar bashinsa. Asalin bashin kuwa ajiya ce: mutane kan kawo masa kuɗi su ajiye, shi kuma sai ya ce a mayar da su rance, domin in sun salwanta ya zama dole ya biya. Ya umarci ɗansa ya sayar da kadarorinsa ya biya, ya yi wasiyya da sulusin abin da zai rage. Ya ƙara masa da cewa idan ya gaza, ya nemi taimakon Majiɓincinsa. Abdullahi bai gane wa yake nufi ba sai da ya tambaya, ya ce Allah ne.

Aka kashe Zubairu bai bar zinari ko azurfa ba, sai filaye, cikinsu da filin Gaba kusa da Madina, da gidaje 11 a Madina, biyu a Basra, ɗaya a Kufa, ɗaya a Masar. Da aka lissafa bashin, ya kai 2,200,000 na kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya ce duk lokacin da abin ya ƙuntata masa, sai ya roƙi Majiɓincin Zubairu, kuma Allah Ya buɗa. Filin Gaba da aka saya 170,000 ya sayar da shi 1,600,000. Abdullahi ɗan Ja'afar, wanda yake bin 400,000, ya zo ya ce zai yafe. Abdullahi ɗan Zubairu ya ƙi. Ya ce to a sa nasa a ƙarshe. Nan ma ya ƙi. Sai aka yanka masa wani yanki na filin.

Da aka gama biya, 'ya'yan Zubairu suka nemi a raba masu gadonsu. Abdullahi ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a taron Hajji: duk mai bin Zubairu bashi ya zo a biya shi. Haka ya yi, sannan ya fitar da sulusi ya raba sauran.

Malamai ba su wajabta jiran shekara huɗu a kan kowa ba. Zubairu mutum ne da mu'amalarsa ta kai Iraƙi da Masar, taron Hajji kuma shi ne inda labari zai isa ko'ina. Ma'aunin shi ne faɗin mu'amalar mamaci. Manomin da duk hulɗarsa ba ta wuce kasuwar ƙauye ba, shela a masallacin Juma'a da zaman makoki ta wadatar. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sarin kaya a Kano ko Kwatano, ba a rufe littafinsa sai an aika wa abokan cinikinsa na can. Wasiyyin da ya san akwai bashi, ko mamacin ya shahara da cin bashi, ya yi gaggawar rabo, to masu haƙƙi suna da ikon komawa kansa. Kuma bashin da ya bayyana bayan rabo yana warware rabon.

Akwai wasu dalilan jinkiri. Idan matar mamaci tana da ciki, a mazhabar Malik ana dakatar da rabo har ta haihu. Mai takaba kuma ba a fitar da ita daga gidan da mijinta ya mallaka, ko ya riga ya biya hayarsa, har ta gama iddarta: wata huɗu da kwana goma, ko haihuwa ga mai ciki. Amma jinkirin da babu dalili, irin wanda gona ke shekara ashirin a hannun babban wa yana noma, mata da ƙanne suna kallo, shi ma zalunci ne.

Abincin makoki da sadakar mamaci

A nan ne mutanen kirki da yawa ke zamewa ba su sani ba. Ana buɗe rumbu, ana yanka daga garke, ana sayen shinkafa da goro buhu-buhu domin zaman makoki da sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, duk daga dukiyar da ba a raba ba. Yi wa mamaci addu'a da sadaka alheri ne da yake isa gare shi. Amma daga lokacin da rai ya fita, dukiyar ta tashi daga mulkinsa. Abin da ya wuce haƙƙoƙin da aka ambata na magada ne. Idan a cikinsu akwai maraya, to abin da aka dafa da kasonsa an dafa ne da dukiyar maraya, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta kamanta cin ta bisa zalunci da cusa wuta a ciki.

Mafita a buɗe take. In mamaci ya yi wasiyya da sadaka, a yi daga sulusi. In bai yi ba, manyan magada su yi daga aljihunsu ko a rubuta a kan kasonsu. Maƙwabta da 'yan'uwan zawiya kuma su ɗauki nauyin abincin, domin lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci ne, bai ce su dafa wa mutane ba. Wasiyyin da ya kashe kason yaro a wannan hanya, biya ya hau kansa.

Ikonsa a kan dukiyar marayu

Bayan rabo, kason ƙananan yara yana zama a hannun wasiyyi. Shari'a ta ba shi iko mai faɗi, amma duk a ɗaure da sharaɗi ɗaya: maslahar yaron.

Yana da ikon karɓo basussukan da ake bin mutane, ya kuma yi wa wani jinkiri idan a jinkirin akwai amfani ga yaron. Yana ciyar da shi da tufatar da shi gwargwadon dukiyarsa, da magani da karatu da kaciya da kayan salla da hidimar aurensa. Yana fitar masa da zakkar fidda-kai da zakkar dukiya. Yana iya ba wani amintacce jarin ya juya a raba riba. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito Sayyidina Umar yana umarni da a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, an kuma ruwaito Nana A'isha tana fitar da zakka daga dukiyar 'ya'yan ɗan'uwanta da ke hannunta.

Ga kuma iyakokin. Ba ya yin kyauta ko sadaka ko yafe bashi daga dukiyar yaro. Ba a son ya karɓi jarin ya juya da kansa da rabon riba, ko ya sayi wani abu daga tarika wa kansa. In ya saya, alƙali zai bibiyi cinikin, domin mutum ba ya zama mai saye da mai sayarwa a lokaci ɗaya ba tare da zargi ba. Gona da gida ba a sayar da su sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyarwa, ko biyan bashi, ko tsoron rushewa, ko samun farashi mai tsoka da za a sayi mafi alheri da shi. Ba ya sayar da kayan tarika a bayan idon magaji baligi, ba ya kuma yanke kason wanda yake tafiya, a ce yana ci-rani ko karatu a wata ƙasa, sai ta hannun alƙali.

Game da ladan wahalarsa, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta raba: mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Idan dukiyar ta salwanta ba da sakacinsa ba, kamar gobara ko annobar dabbobi, babu biya a kansa. Idan kuwa ya cakuɗa ta da tasa ya shiga fatauci da ita don kansa, ko ya ba wanda aka san ba ya biya, to ya zama mai lamuni.

Takardun hukuma

A Nijar, tun daga dokar tsarin kotuna ta 1962, sha'anin gado da wasiyya yana cikin abubuwan da ake yi wa hukunci bisa al'adar masu shari'a, alƙali yana zama tare da masana al'adar. Sarakuna da masu gari kuma suna da hurumin sulhu. A aikace, banki ko ofishin fansho ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardar shaidar mutuwa daga ofishin magajin gari, da takardar taron dangi wadda kotu ta tabbatar, inda aka jera magada aka kuma nuna wakilinsu. Wannan wakili ya sani cewa sunansa a takarda izinin karɓa ne a madadin kowa. Barin sunan wata mata, ko ɗiya da ta yi aure nesa, ko ɗan da aka haifa a wani gari, ha'inci ne ga hukuma da ga Allah baki ɗaya.

Sauke amana

Ba balaga kaɗai ke sa a miƙa wa maraya dukiyarsa ba. Aya ta 6 ta yi umarni da a jarraba shi har a ga ya iya riƙo: a ba shi kaɗan ya juya, a duba yadda yake saye da kashewa. Idan an gamsu, a miƙa masa a gaban shaidu. Malikiyya suna karɓar maganar wasiyyi game da yawan abin da ya ciyar idan ya yi kama da gaskiya, amma ba sa karɓar cewa ya miƙa dukiya sai da hujja. Don haka littafin lissafi, da kwanan wata da sa hannun shaidu, kariya ne ga maraya, kariya ne kuma ga mutuncin wasiyyi.

Ma'abota tarbiyyar zuciya suna koyar da cewa tsantseni ana gane shi ne a inda babu mai gani. Dukiyar mamaci ita ce irin wannan wuri: mai ita yana kabari, magajinta yaro ne da bai san lissafi ba, uwarsa tana takaba kunya ta hana ta tambaya. Babu mai bincike sai Wanda ayar ta rufe da ambaton cewa Ya isa Mai hisabi. Shi kuma mai rai da ke da bashi ko ajiya ko ƙananan yara, hadisin Ibnu Umar ya kwaɗaitar da shi kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Ya zaɓi wanda zai iya, ya sanar da shi, ya kafa shaidu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga gidan gaskiya, Ya sauke masu nauyin bashi, Ya raya marayu rayuwa mai albarka, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.